Taimakon da Ya Ci Mini Shekara

Shekarun baya, ina ajin ƙarshe a jami'a a Samaru, furojet ɗina gaba ɗaya yana cikin wata tsohuwar laftof mai aiki da tsarin Linux. Manhajar da ke ɗebo wa na'urar sauran manhajoji daga intanet, fayil guda take dubawa ta san inda za ta ɗebo su. Ni kuwa biyu na ajiye: na Samaru, mai ɗebo tsofaffin manhajojin da na gina furojet a kansu, da na Sabon Gari, mai ɗebo sababbi fil, don kwaɗayin gwaji idan na je kafe, shagon intanet. Na haɗa ɗan umarni, in rubuta "canza samaru" ko "canza sabongari" a baƙin allo, fayil ya sauya. Duk wanda ya shigo ɗakinmu sai na nuna masa, ina hura hanci.

Abokin ɗakina na cikin waɗanda na nuna wa. Ranar Asabar ya ari laftof ɗin, wai zai duba saƙo a Sabon Gari. Wa ke hana abokin ɗaki aro? Na dai tuna masa Litinin zan nuna wa malamina aikin, kuma daga nan malam zai yi doguwar tafiya.

Da la'asar ya dawo yana washe baki.

"Mutumina, kana ta fama da tsoffin kaya. Na canza zuwa sabongari, na sabunta maka komai."

Na kunna furojet, ko motsi bai yi ba. Nan take na rubuta "canza samaru". Fayil ya sauya lafiya lau, amma sauya fayil ba ya dawo da tsofaffin manhajojin da sababbi suka riga suka taka. Kafin in sake gina komai, malam ya tafi.

Na zazzaga masa masifa har maƙwabta suka taru. Abin haushin, ni aka ba laifi, wai mutum ya yi maka alheri ka saka masa da tsiya. Shi kuwa cewa ya yi ai ni na koya masa.

An ce komai ya wuce, muna gaisawa. Amma har yau idan wani ya miƙo hannu zai gyara mini abin da ban ce ya lalace ba, raina ɓaci yake. Bai taɓa ba ni haƙuri ba. A shekarar ya tafi hidimar ƙasa, har ya aiko mini da hotonsa cikin kaki, ni ina Samaru ina maimaita furojet.