Mutumin da Na Bari a Bakin Gulbi

Shekarun baya masu yawa, tun jirgin ƙasa bai iso Gusau ba, ina saurayi gemuna bai fi a ƙirga da yatsa ba, sana'ata juyar littattafai ce. Malami zai kawo tsohon littafinsa da gara ta fara ci, ni kuma in zauna a zauren gidanmu in sake rubuta masa shi a sabuwar takarda. Hannuna yana da kyau, wannan kam ba yabon kai ba ne. Kaina ne dai ba ya zama wuri ɗaya, don ina cikin juyar maganar wani sai in ji tawa tana motsi a cikina.

Wata rana na gama wani aiki takarda ta rage, mai littafin ya ce in riƙe. Maimakon in adana ta kamar mai hankali, sai na fiƙe alƙalami na fara rubuta labarin wani mutum da babu shi, da ajami. Bafatake ne mai jakuna, yana da cindo a hannun hagu, kuma ba ya cin miyar kuɓewa. Ya bar gida a shekarar yunwa don ya nemo wa uwarsa hatsi, ya ce mata zai dawo kafin ruwan farko. Daga nan hanya ta yi ta jan sa gaba.

Ni kaina ban san sunan abin da nake yi ba. Ba tatsuniya ba ce, don babu dabba mai magana a ciki. Ba tarihi ba ne, ba waƙa ba ce. Ran nan malamina ya biyo ta zauren, ya leƙa takardar ya ce, "Wane littahi na kaka juyawa?"

Na ce, "Malam, wanga ba juyawa nika yi ba."

"To ga wa kaj ji shi?"

"Ban ji ga kowa ba."

Ya dube ni, ya dubi takardar, ya ce, "Allah shi kyauta," ya sa takalminsa. Har ya rasu bai sake tambayata ba, ni kuma har yau ban san ko addu'a ya yi mini ko jaje ba.

Wahalar abin kuwa ba a magana. Littafin wani in ka ɓace sai ka dubi na asali, ni nawa ba shi da na asali. Na fara da jakuna uku, da na kai ganyen takarda na tara suka zama biyar ba tare da ko ɗaya ta haihu ba. Takardun zube suke a gafaka, iska ta taɓa watsa su, na kwashe na tara, sai ga bafatakena yana ban kwana da wani gari kafin ya shige shi. Akwai ranar da na wuni a kan layi ɗaya, tawada ta bushe a bakin alƙalami sau ba adadi, da yamma na kankare layin da wuƙa.

Babbar matsalar ita ce gulbi. Na kai shi bakin wani ƙaton ruwa can kudu, alhali ni ruwan da na sani shi ne gulbin garinmu, wanda da rani ake naɗe wando a ƙetare. In na haye da shi, ban san me ke wancan gefen ba. In na juyo da shi gida, da wane ido zai kalli uwarsa bayan shekara goma ba ko tsaba? Sai na bar shi a nan zaune da jakunansa wata biyu cur, ni ma ina zaune a zaure, kowa yana jiran kowa.

Mutum ɗaya nake karanta wa, abokina ɗan koli, mai yawo da allura da kwalli da madubi tsakanin kasuwar Tsafe da ta Bungudu. Shi ba ya tambayar daga ina na ji, abin da ya sani kawai, "To sai mi?" Abin da ban sani ba, ashe in ya baza kolinsa labarin yake bai wa mutane don su tsaya. In wani ya nuna shakka sai ya dafa ƙirji ya ce a takarda yake, da idonsa ya gani. A zamanin kuwa wannan ya kashe magana. Takarda tsada gare ta, kuma abin da ake sa mata addini ne ko wasiƙa ko abin da ya faru. Ba wanda zai kawo a ransa cewa akwai mai ɓata ta a kan abin da ba a yi ba.

Wata safiya na gaji. Na ce wannan mutumin ya ishe ni. Na sa shi a kwalekwale, na kira iska, na kife shi a tsakiyar ruwa, duk a ganye ɗaya. Na sa ganyen a gafaka, na sha fura har da ƙari, raina fes kamar wanda aka cire wa ƙaya.

Bayan azahar mahaifiyata ta leƙo ta ce ina da baƙuwa. Wata tsohuwa ce ƙanƙanuwa, da sanda da ƙunshin kaya a ka, ƙafafunta sun yi futu-futu. Tun da safe ta taso daga Bungudu a ƙasa. Ta durƙusa nesa da buzuna, ta kwance bakin zane ta turo mini daddawa guda uku, tana ce mini Malam, ni da ko ɗan aikenta ban kai in zama ba.

Bayan gaisuwa ta ce, "Malam, kai ad da takardar ɗana?"

Na ce, "Wane ɗa, Inna?"

"Mai cindo. Anka ce yana nan da rai bakin wani gulbi, ya rasa mai hisshe shi. Shekarar yunwa yat tahi da jakkai neman hatsi, yac ce kahin ruwa shi sauka yana gida." Ta taɓa ƙunshin da ke gefenta. "Na bar akuyata ga maƙwabta. Sunan gulbin kaɗai nika so, da hanyar da aka bi. Ƙahwata ba ta mutu ba."

Na ce bari in kawo mata ruwa, na shige cikin gida da gudu har da tuntuɓe. Mahaifiyata, wadda asalinta 'yar Bungudu ce, tana laɓe ta ji komai. Na ce, "Inna, wallahi ni nay yi mutumen nan da kaina! Ya aka yi yana da uwa Bungudu?"

Ta ce, "Kai kay yi shi? Ni nib ba ka labarinai shekaran bara, kana cin tuwo. Har nac ce maka yaron ba ya son kuɓewa. Kana ta gyaɗa kai, ashe ajewa kaka yi."

Na tsaya da moɗa a hannu na kasa tunawa, har yau ɗin nan ban tuna ba. Cindon da nake taƙama da shi, wanda na ɗauka basirata ce ta haifa, ashe tsintuwa na yi a bakin akushi. Sai tunani ya dagule mini. In cindon gaskiya ne, me kuma ke gaskiya? Ko gulbin ma wani ya faɗa mini na manta? Ku yi dariya in kun so, amma a wannan tsayuwar sai da na ji kamar ɗan mutane na kifar a ruwa da safe sannan na sha fura.

Mahaifiyata ta karɓe moɗar ta cika ta, ta ce, "Duk abin da za ka yi, kada tsohuwar ga ta kama hanyar kudu. In tat tahi ba ta komowa."

Daga tsakar gida zuwa zaure taku kaɗan ne, amma na yi shawara uku a ciki. In ce yana raye, gobe ta kama hanya. In karanta mata ganyen safe, za ta yi kuka ta koma gida, amma na kashe mata ɗa da ƙarya kenan. Ta uku ita ce in faɗi gaskiya, gaskiyar da ni kaina ban iya bayaninta ga malamina ba.

Ta ukun na ɗauka, ba don jarumta ba, don sauran biyun sun fi ƙarfina. Na ce mata ban taɓa ganin ɗanta ba, ba wanda ya kawo mini labarinsa daga kudu, gulbin nan ma babu shi. Na ce zama nake in ƙaga mutum in rubuta abin da ya same shi.

Ta ce, "Anka sa ka?"

"A'a."

"Magani na?"

"Ba magani ba na, Inna."

"To don mi?"

Na ce ban sani ba, kuma a duk maganar da na yi ran nan wannan ce na fi tabbata da ita.

Ta sunkuyar da kai tana murza bakin zanenta. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Can ta ce, "Ke nan ba ka san inda yake ba."

"Ban sani ba, Inna. Ki yahe man."

"Amma cikin takardar, abin da kac ce shi yi, shi yaka yi?"

Na ce i.

Ta ɗago ta dube ni sosai, karo na farko tun zuwanta, ta ce, "To mi niy yi maka da za ka bar shi bakin ruwa? In ga hannunka abin yake, maido man shi gida."

Wata biyu ina neman wanda zai gaya mini inda labarin zai nufa. Na jawo sabon ganye, na tsoma alƙalami. Na fara da cewa ya shigo Bungudu ta babbar hanya, ta ce a'a, ta bakin gulbi yake biyowa don jakuna su sha ruwa. Na ce ya yi sallama a ƙofa, ta ce shi ba ya sallama, daga waje yake ihu a kau da tabarma jakuna za su shigo. Na ce uwar ta rungume shi, ta yi tsaki ta ce faɗa za ta fara yi masa, sai ta gama sannan ta ɗora miyar kuka. Ina rubutawa tana gyara ni, kuma ban taɓa samun aikin da ya tafi sumul haka ba.

Da na zo kan kaya na tambaye ta dami nawa zan ɗora wa jakunan. Ta ce, "Bar hatsin."

Na ce ai shi ya tafi nema.

"Shi ya sa nic ce ka bar shi. Na san ɗana, kunya ta hana shi komowa. Rubuta ya zo hannu wohi, kuma ba wanda yat tambaye shi."

A nan ne muryarta ta karye, ni ma sai da na ɗaga kai don kada hawaye ya ɓata mini tawada.

Ta kwana wurin mahaifiyata. Da safe ta naɗe ganyen ta ƙulle a bakin zane, ta bi abokina ɗan koli da ya biyo da kolinsa suka nufi Bungudu, yana tafe yana sunkuyar da kai don na wanke shi tas. Ganyen da na kifar da kwalekwale kuwa na jiƙa shi a ƙwarya har rubutun ya fita, na zuba ruwan a gindin bishiya. Ba ta je kudu ba. Ɗan nata, iyakar sanina, bai dawo ba.

Sauran ganyayen suna nan a gafakata, labari ba ƙarshe, don ƙarshensa ɗaya ne kuma na ba da shi. Na rubuta wasu bayansa, amma tun daga ranar ba na sa wa mutum ko tabo a fuska sai na tsaya na tambayi kaina ɗan wane ne wannan. Abin da har yanzu ban warware ba shi ne, taimakonta na yi ko ƙara mata ciwo na yi. Wani lokacin in ga kamar ita ta fahimci sana'ar nan a wuni ɗaya, ni da na tsufa a cikinta ina nan ina lalube.

Bayan 'yan shekaru abokina ya ba ni labarin cewa takan kai ganyen wurin wani maƙwabcinta mai karatu, har ya yi laushi ya fara rabewa a kan naɗin. Wata rana mutumin ya ji tausayinta, ya ce, "Inna, kin dai san abin ga ba gaskiya ba na."

Ta gyara zama ta ce, "Na hi ka sani, gabana anka rubuta shi. Karanta dai, daga inda yac ce a kau da tabarma."