Ranar da Aka Warkar da Goggo Pang

A lungunmu na bayan kasuwar taliya a birnin Kaifeng, in ana zancen ciwo, Goggo Pang ce sarauniya. Tun tana sayar da kunun waken suya a bakin titi gabanta ke faɗuwa ba dalili, har mijinta ya rasu, har ta ajiye sana'ar. Barcinta rabi da rabi, tafin hannunta kullum zafi. Likita Meng mai maganin gargajiya ya ce wutar zuciya ce ta yi mata yawa. Ita kuwa ta riƙe wutar nan kamar gadon uba, don albarkacinta ne ɗanta Lishan ke baro birnin Zhengzhou duk ƙarshen mako da ƙunshin jar magarya, ya raka ta wurin likita, ya tsuguna yana fifita gawayi a ƙarƙashin tukunyar ƙasar da ake dafa mata magani.

Wata safiya Likita Meng ya ɗora yatsu uku a wuyan hannunta, ya leƙa harshenta, ya yi murmushi.

"Goggo, albishirinki. Wuta ta kwanta. Kin warke."

"Sake dubawa dai, Likita. Yatsun nan naka sun tsufa."

Ya sake, bai canza magana ba. Lishan har da tafi. Daga nan zuwansa ya koma jefi-jefi, daga baya sai gaisuwa ta waya.

Ana cikin haka sai ga Inna Kuang, maƙwabciyarta ta jikin katanga, ta dawo daga wurin likitan tana dafe da ƙugu.

"Yaya Pang, ni tawa ta same ni. Wai zuciyata da ƙodata gaba suke yi. Wutar sama ta ƙi saukowa, ruwan ƙasa ya ƙi hawa. Ga rashin barci, ga gumi, ga kunne sai ƙara yake. Ara mini tukunyarki."

"Har biyu?" in ji Goggo Pang. "Ke da ko mura ba ki iya ba?"

Ta dai ba ta. Kafin mako ya zagayo 'ya'yan Kuang mata sun tare a gidan, wannan na dafa mata baƙin wake da baƙin riɗi, waccan na murza mata tafin ƙafa. Warin magani ya riƙa tsallako katanga, daga tukunyar Goggo Pang kuma! Goggo Pang sai ta zauna a tsakar gida tana shaƙa tana ƙwafa. Shekara da shekaru tana fama, zuciya kaɗai aka taɓa ba ta. Wannan kuwa daga zuwa an haɗa mata da ƙoda. Ta gwada yin tari in ana waya da Lishan, ya ce ta sha ruwan ɗumi.

To, a al'adar garinmu, kowa ya san ba a mayar wa mutum tukunyar magani. In yana so, ya je ya ɗauko abinsa. Wanda ya kai maka ita har ƙofa, ciwo ya kawo maka. Abin da Goggo Pang ke nema ke nan.

Ta leƙa gidan Kuang da hantsi.

"Ƙanwata, in kin juye na yau, miƙo mini tukunyata gida."

"Ga ta nan ta huce, ɗauki abarki."

"A'a, ke za ki kawo."

"Yaya, lafiyarki kuwa? In kai miki ciwo da hannuna?"

"Ke da kike da biyu, ɗaya ne za ki yi mini rowa?"

Kuang ta ɗauki tukunyar za ta ɗora mata a hannu. Goggo Pang ta ƙi karɓa, sai ta cafke wuyan hannuwan Kuang ta fara janta baya-baya zuwa ƙofarta. Mai ciwon ƙugu ta turje kamar akuyar da za a kai kasuwa, tana ihun a kawo ɗauki. Wadda aka ce ta warke kuwa ta nuna da gaske ta warke. Suna dab da dokin ƙofa tukunya ta suɓuce, ta tarwatse, saiwoyi da ɓawon itace suka watsu a lungu.

Ɗaya daga 'ya'yan Kuang ta kira Lishan a waya tana kuka. Da la'asar sai ga shi ko jaka babu, fuska a murtuke.

"Inna, me ke damunki? Ki ja marar lafiya a ƙasa? Da wane ido zan kalli mutanen lungun nan?"

Ya kai hannu zai rufe ƙofa don kada a ji.

"Bar ta a buɗe," in ji Goggo Pang. "Zafi nake ji."

Ta jawo kujera daidai inda za a hango ta daga gidan Kuang, ta zauna, ta harɗe hannuwa. Lishan na ta faɗa, tana gyaɗa kai. Da ya tsaya shan iska, ta tura masa kofin shayi.

"Jiƙa maƙoshi ka ci gaba, ɗana. Ka ɗan ɗaga murya kuma, kunnen Kuang ƙara yake yi."