Ayabar da Ba a Ba Ni Ba

Shekarar da aka kai ajinmu Abijan yawon buɗe ido, ni ba buɗe ido ya kai ni ba, ubana na je nema. 'Yan ajinmu suna ta zumuɗin za su ga teku, za su hau jirgin ƙasa, ni kuwa abu ɗaya ne a raina: in tsaya gaban mutumin da ya bar mu a Maraɗi ina ɗan mitsitsi, ya yi kurmi da buhunan albasa, in isar masa da saƙon inna, in ji ranar da zai dawo gida.

Saƙon ba shi da tsawo. Ana gobe za mu tashi, inna ta kira ni bakin murhu, ta damƙa mini ƙullin daddawa a tsumma, ta ce, "In Allah ya haɗa ku da mai gidan nan, ka ba shi wannan. Ka ce masa katangar ɗakinsa ta faɗi, ni kuma na gaji." Ba ta kama sunansa, kamar yadda ba ta taɓa kama nawa ba, don ni ne ɗan fari. Haka muka tashi muka tarar. Iyaye suna kunyar ɗan fari, ba sa kiran sunansa, ba sa wasa da shi, ba sa nuna sun damu da shi a gaban mutane. Ni a wurin inna "kai" ne, in ta ji daɗina kuma "wannan yaron".

Muka sha wuyar hanya a bayan babbar mota har Wagadugu, daga nan jirgin ƙasa ya zube mu a Tireshbil, wata unguwa ta Abijan. Aka sauke mu a wata lakwal da 'yan makarantarta suka tafi hutu. Mai jagorancinmu malamin ajinmu ne, mushe kamar yadda muke kiran malami da Faransanci, mutumin Dahomai, mai kirki ƙwarai, amma Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "ina kwana" ba. An kai mu mun ga gada, an kai mu tashar jiragen ruwa, yara sai ihu suke yi. Ni duk mai doguwar riga da hula da na hango, sai gabana ya faɗi. Abin haushi, fuskar ubana ma ban riƙe ta ba, tsayinsa kawai nake tunawa, kuma ga ɗan ƙaramin yaro ai kowa dogo ne.

Kusa da masaukinmu akwai wani malamin allo, mutumin wajenmu, wanda ya daɗe a garin har ya san kowa da sana'arsa. Na je na durƙusa gabansa, amma bakina ya ƙi furta sunan ubana, sai abokina, wani Bagobiri mai baki kamar reza, ya faɗa a madadina. Malam ya ce, "Yana nan Ajame, layin 'yan albasa. Allah ya sa ka same shi da sauƙi, yaro." Ban ji daɗin wannan addu'ar ba.

Washegari ranar gidan tarihi ce. Wallahi in ka tambaye ni abin da na gani, kaɗan zan iya faɗa maka: gumakan itace masu fuska a murtuke, haƙoran giwa, wasu 'yan ƙananan duwatsun awo na tagulla a cikin gilashi. Daddawar tana aljihuna, don ban yarda in bar ta a masauki ba, zafin kurmi da gumi kuwa sun tashe ta. Mai yi mana bayani yana cikin zuba Faransanci sai ya tsaya, ya shaƙi iska, ya yatsine fuska. Bagobirin nan ya raɗa mini, "Kai, ka rufa mana asiri, kada su zaci daga cikin kayan tarihin ne su kulle ka a gilashi!" Yara suka fashe da dariya. Mushe ya ja ni gefe ya tambaye ni mene ne, ni kuma da wautata na kwashe labarin duka na faɗa masa.

Idonsa ya kawo ruwa, Allah sarki. Ya ce ai kasuwar Ajame ba nisa, kuma ita ma abin gani ce, don haka ajin gaba ɗaya za mu je mu raka ni. Na so in ce masa a'a, ya bar ni in je ni kaɗai, amma ta yaya ɗan lakwal zai yi wa mushe bayanin kunya da Faransanci? Haka muka shiga kasuwa a jere, da kakinmu, mata masu doya da ayaba suna kallonmu.

Aka nuna mana rumfar. Ba wata rumfa ba ce, kwano biyu ne da buhuna kaɗan. Mutumin da ke zaune ciki ba dogo ba ne, siriri ne, furfura ta fara cin gemunsa, ga wata 'yar yarinya a cinyarsa tana yi masa surutu da Julanci, yaren 'yan kasuwar can, yana dariya yana ɓare mata gyaɗa. Da ganin kunnuwanta na san ƙanwata ce. A nan na gane akwai wani gidan a Abijan, kuma ba katangarmu ce ke hana shi barci ba.

Mushe ya kamo kafaɗata ya turo ni gaba, ya ɗaga murya kamar ranar rabon kyauta, ya ce ga ɗanka mun kawo maka daga Maraɗi, ya ce in rungume shi. Innalillahi! Layin 'yan albasa gaba ɗaya aka juyo. Ni dai na zube ƙasa, na sunkuyar da kai, na ce, "Ina wuni." Bai amsa mini ba. Ya sauke yarinyar, ya miƙe, ya ba mushe hannu, ya shiga gaishe shi da guntun Faransancinsa, ya hanya, ya gajiya. Ya juya ga Bagobirin nan yana tambayarsa damina, da ko gero ya yi kyau bana. Ni ina tsugune kusa da ƙafarsa, ina kallon faso a dugadugansa.

Saƙon inna yana nan a bakina. Katanga ta faɗi, ta gaji. Amma yaya zan faɗi wannan a gaban ajinmu da 'yan kasuwa, ga mutumin da ko dubana bai yi ba? Zuciyata ta shiga saƙe-saƙe. Kunyar ɗan fari ce, ko kuwa bai yarda ni ne ba? Ko ya yarda, bai dai damu ba? Na ji na tsani mushe da kirkinsa, na tsani garin da tekunsa.

Sai ubana ya kira wata mai ayaba, ya sa ta sauke tirenta duka. Ya bi layin 'yan ajinmu yana ba kowa da hannunsa, yana sa musu albarka ɗaya bayan ɗaya. Ya ba na damana. Ya tsallake ni. Ya ba na haguna. Mushe ya buɗe baki zai yi magana, Bagobirin nan ya ja masa riga. Da aka ce mu tafi, na zaro ƙullin daddawar na tura shi ƙarƙashin buhu, na bi sahu. Ban waiwaya ba, don ni ma an koya mini tawa kunyar.

Da na dawo gida, inna ta bari har na ci tuwo, sannan ta tambaya tana kallon tukunya, "Me ya ce?"

Na ce, "Bai ce komai ba."

"Ka faɗa masa katangar?"

Na ce ban samu hali ba. Na ba ta labarin ayabar, yadda kowa ya samu ban da ni. Sai ta ce, "To, ya gane ka." Har da ɗan murmushinta. Da wannan ta rayu, katangar kuwa ni na tashe ta da na fara aiki. Ubana bai dawo ba, wani ɗan albasa ne ya kawo mana labarin rasuwarsa bayan shekaru.

Na san inna ta yi gaskiya, ya gane ni, shi ya sa ya tsallake ni. Amma ni har yau da furfurata, da ma a matsayin ɗan wani ya ɗauke ni, ya miƙo mini ayabar nan, ko hannunsa ya taɓa nawa.