Yayen Ɗiyar Ƙawata

Yara biyar na haifa, kuma dukansu da hannuna na yaye su, ban kai ko ɗaya gidan kaka ba. Shi ya sa ranar da ƙawata ta kira ni daga Safana ta ce tana so ta kawo mini ɗiyarta yaye, ban tsaya wani tunani ba na ce ta kawo ta. Tare muka tashi a Runka, aure ya kawo ni Batsari, ita ya kai ta Safana. Kwanika ta yi, ciki har ya fara tasowa, yarinyar kuwa shekara biyu saura wata uku. Da a da ne wurin mahaifiyarta za ta kai ta, amma a lokacin ba wanda zai goya ƙaramar yarinya ya bi hanyar Runka don yaye kawai, saboda 'yan bindiga.

Ranar Litinin da hantsi mijinta ya sauke su a babur. Yarinyar kuɓul-kuɓul, an yi mata ƙananan kitso, ga kwalli raɗau. Na miƙa mata hannu, ta dube ni sama da ƙasa kamar wata babbar mace, ta kau da kai.

"Ba ta da rigima ko kaɗan," in ji uwar, "in dai kin ba ta abin da take so."

Farkon maganar na riƙe, na saki ƙarshenta.

Uwar ta ce za ta zagaya, ta sulale ta zaure. Da yarinyar ta ji tashin babur sai ta zube a tsakar gida, ta shiga buga ƙeyarta da siminti tana birgima har bakin kwata. Na ɗauke ta, ta sandare kamar icce ta zame. Na goya ta da ƙyar, ta gantsara mini cizo a gadon baya, sai da na ce wayyo. Na dama kunun gyaɗa, ta doke kofin. Na ba ta dafaffen rogo, ta karɓa, ta jujjuya shi, ta jefa wa kaji, sannan ta ɗago ta zuba mini ido ta ga yadda zan yi.

Sana'ata man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, kuma daga Litinin zuwa Laraba nake aikin abin da za a kai kasuwa ranar Alhamis. Ranar nan ko gyaɗar ban soya ba.

Talata da rana uwar ta kira. Yarinyar ta ji muryarta, ta kama wayar da hannu biyu tana neman cusa ta a baki. Na fizge. Ta buɗe baki za ta yi kuka, kukan ya ƙi fitowa. Leɓɓanta suka yi baƙi, idanu suka juye, ta tafi luu. Na saki salati da ƙarfi, na ɗebo ruwan randa na sheƙa mata. Sai ga tsohuwar da muke katanga ɗaya da ita, wadda duk unguwa muke ce wa Gwaggo, ta faɗo ko mayafi babu.

"Ke 'yar nan, me kika yi wa ɗiyar mutane?"

"Wallahi Gwaggo ban taɓa ta ba."

"Yaro ba ya shiɗewa haka kawai."

Ta karɓe ta. Yarinyar ta ja numfashi, ta lafe a ƙirjin tsohuwar kamar ɗiyar kirki. Kunun nan da ta ƙi tun safe, shi Gwaggo ta ɗauka ta kai mata baki, ta shanye tas har da lashe leɓe. Da la'asar maigidana ya dawo daga gona, ta je da ƙafarta ta haye cinyarsa tana wasa da carbinsa.

"Ai ga ta lafiya lau," in ji shi. "Ke ce dai kika manta lallashi."

A nan na gane ni kaɗai ta sa wa ido. Kuma ba zan ɓoye ba, ni ma na fara jin haushinta, irin haushin da ake ji wa babba. In ta dube ni sai na ji raina ya ɓaci tun kafin ta yi komai.

Laraba na ce ko ana ha-maza-ha-mata sai na yi aikina. Na matse mai, na mulmula tunkuza, na soya faranti guda na ajiye ya huce. Na juya in gyara wuta, ta ja farantin a hankali har bakin kwata, ta kife shi. Ba faɗuwa ya yi ba, ina kallo ta kife shi. Na kama ta na tsala mata uku a cinya, masu kyau. Na shimfiɗa tabarma a inuwa nesa da wuta, na dangwarar da ita.

"Yi ta yi," na ce mata. "In kin gaji kya bari."

Ta yi kuka har muryarta ta dushe, ban ko waiwaya ba. Wajen la'asar ta taso tana ajiyar zuciya, ta tsaya bayana ta ce, "Uwa," wato ruwa. Na ba ta, ta sha. Na ba ta kunu, ta sha rabi tana hararata ta saman kofin. Na ce a raina an zo wurin. Kwana biyu nan gaba za ta manta da nono.

Alhamis da hantsi ina zuba mai a kwalabe, ta ce sai na ba ta ludayin. Na hana, ta zube tana birgima, na ƙyale ta. A haka uwar ta yi sallama. Wai kasuwa ta zo ta ce bari ta leƙo, alhali mun yi da ita sai bayan sati biyu. Gwaggo kuma ta riga ta tare ta a ƙofar gida ta kwashe komai ta faɗa mata, na gani a fuskar uwar.

Ba ta gaishe ni ba. Ta sunkuci yarinyar, ta ɗaga rigarta ta duba cinyar, ta zauna a kan turmi, ta zaro nono ta sa mata a baki.

"Ke! Me kike yi haka?" na ce. "Kwana huɗu ina shan wuya, ki zo ki rushe shi a zama ɗaya?"

"Mi ɗiyata ta yi miki?"

"Tambayi ƙulina da ke cikin kwata. Tambayi bayana."

"Amana na ba ki. Na tarar da ita a ƙasa kamar wadda ba ta da kowa, ke kina ta kwalabenki."

"Ke kika lalata ta! Komai ta ce a ba ta. Ni na yaye biyar, ba wanda ya yi mini wannan iskancin."

"Naki ai kina son su," ta ce. "Wannan kuwa kin tsane ta. Dubi yadda kike kallonta."

Na buɗe baki in rantse, na fasa, don kuwa ba na rantsuwa a kan ƙarya. Yarinyar tana tsotso, ta juyo da ido ɗaya tana kallona, ƙafarta na lilo. Na shiga ɗaki na tattaro kayanta a leda, na ajiye a gaban uwar. Ta goya ta suka fita, ban raka su ko zaure ba.

Daga baya na ji da kanta ta yaye ta, da shafa maɗaci, kuma sai da suka kwashe wata guda ana fama. Ba ta kira ni ba, ban kira ta ba.

Da ta haihu na je suna Safana, don kada a ce. Muka gaisa gaisuwa cikakkiya, gida da yara da gajiya da jego, irin wadda ake yi da baƙin da ba a sani ba. Ana cikin raba abinci yarinyar ta ga an sa wa jariri nono, ta kwanta a tsakiyar mata tana shure-shure, ta kifar da kwanon miya. Uwar, jariri a hannu, zufa na keto mata, ta ɗago ta dube ni. Na janye zanena kada miyar ta taɓa shi, na juya wajen wata mata daga Zakka da ke kusa da ni, na tambaye ta ko sun samu ruwa a wajensu.