Yadda na kusa mai da ɗiyata 'yar duba

Da bakina na jawo abin. Karatuna na lakkwal, wato boko, a aji huɗu ya tsaya, amma a fadarmu ta hira a Sabon Gari Mushe ake kirana, kamar wani malamin makaranta, ni kuwa ban taɓa hana kowa ba. Ran da aka tambaye ni me ɗiyata take karantawa a jami'a can ƙasar waje, sai na gyara hula na ce, "Taurari take dubawa."

Cikin kwana uku magana ta kai Jiratawa. Wata tsohuwa mai sayar da albasa ta zo har ƙofar gidana, wai a duba mata wanda ya ɗauke mata tunkiya. Sai ga saƙon wana, limami a Tsibiri: ko in zo in yi bayani, ko yarinyar kada ta ƙara taka gidansa. Shi ya raɗa mata suna, kuma ta fi jin maganarsa a kan tawa.

Na kira ta a waya, ta yi mini karatu har kunnena ya yi zafi. Rabin karatun na riƙe. Da hantsi na hau kabu-kabu zuwa Tsibiri da rabin nan.

"Yaya," na ce, "tauraro ne wanda ya mutu."

"Subhanallahi! Har matattu take dubawa?"

Allah ya taimake ni ana daka gero a cikin gida.

"Ka ji taɓaryar can? Haka tauraron yake bugawa, ba ya kuskure. Suna zagaya juna, shi da wani abokinsa mai nauyin tsiya, nauyin kan sa bugun ya iso nan a makare, ɗan kaɗan. To wani Bature da ya daɗe da mutuwa ya yi lissafin yadda nauyi ke aiki. Ita yarinyar, makarar take aunawa, ta ga ko ƙarya ya yi."

"Ta kama shi?"

"Shekara huɗu ke nan, ba ta kama shi ba."

"To me ta gani?"

"Abin da ya faɗa."

Ya daɗe yana kallona, kallon da yake mini tun muna yara in na kawo hadda a birkice.

"Wannan ba duba ba ne," ya ce. "Ban taɓa jin mai duban da ya yi shekara huɗu bai gano maƙiyi ko ɗaya ba. Ka ce mata ta zo da salla, ta yi mini bayanin da kanta. Kai ka zauna a zaure."