Tsayuwar Zalɓen Yaya Dije

Shekara goma sha biyu ke nan da muka kai Yaya Dije makwancinta a Batsari, kuma in faɗa muku gaskiya, bana ba kewa ce ta sa na ɗauki alƙalami ba, haushi ne. A shekarun baya in lokacin ya zagayo, sadaka nake yi, 'yan'uwa su taru mu yi mata addu'a, kowa ya kama gabansa. Bana kuwa ina da jika a gida, Ummi, 'yar shekara bakwai, wadda tun damina ba ta furta ko kalma ɗaya ba. Makarantar da na sa ta sun ce in dai ba za ta riƙa amsa tambaya ba, in riƙe abata a gida. Mutum ɗaya na sani a ƙasar nan da ta san yadda ake yi da irin wannan yarinya, ita ce kuma garin nan ya taru ya kashe wa makaranta tun tana da ranta.

Yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goye ni. Ta yi makarantar horon malamai mata a Katsina a zamanin da Indiyawa suka cika makarantunmu suna koyar da lissafi da kimiyya. Akwai wata daga cikinsu da kullum da safe take shimfiɗa tabarma a barandarta, ta yi ta lanƙwashe-lanƙwashe, ta zauna tana jan numfashi a hankali. 'Yan mata suna leƙe suna ƙyaƙyata dariya. Yaya Dije, da yake ita ba ta iya ganin abu ta ƙyale ba, sai ta je ta tambaya. Matar ta ce a ƙasarsu yoga ake kiransa. Yaya ta koya, ta tace shi kamar mai tankaɗen gari, duk abin da ya shafi bautarsu ta zubar, ta riƙe miƙe gaɓoɓi da sarrafa numfashi. Ban taɓa jin ta kira shi da sunan Indiyawa a gaban yara ba. Miƙa take ce masa, ta kuma raɗa wa kowace sunan gida: miƙar kyanwa, kwanciyar kunkuru, da tsayuwar zalɓe, wadda yaro zai tsaya da ƙafa ɗaya ya ɗaga hannuwa sama.

Ta koyar a firamare a Safana shekaru masu yawa, kullum cikin rigima da shugaban makaranta a kan bulala. Da mijinta ya rasu ta dawo gida Batsari, sai ta share wani kango da ke bayan gidanmu, ta kafa rumfar zana a gindin tsamiya, ta ce ta buɗe makaranta. Ba benci, ba ƙararrawa. Da wake ake koyon ƙidaya, wanda ya yi daidai a dafa da nasa. Da igiya yara suke auna gonar bayan gida, a ƙasa suke rubutu da yatsa kafin su taɓa fensir. 'Ya'yan Fulani na rugagen gefen gari suna zuwa bayan sun kora shanu, kuma ba ta hana su yarensu, har takan sa su koya wa sauran sunayen launin shanu da Fulatanci. Amma kafin komai, da safe, sai an yi miƙa. Takan ce yaron da cikinsa ke ɗurar ruwa don tsoro, ko ka zuba masa karatu ba shi da wurin ajiyewa.

To, akwai wata al'ada tamu da ba ma jin kunyarta. Ranar da uba zai kai ɗansa makaranta, da bulala yake tafiya, sabuwar yanka, ya miƙa wa malami tare da yaron, wai alamar ya ba da amana ke nan. Yaya Dije takan karɓa da hannu biyu ta yi godiya. Uban na ba da baya, sai ta saƙa tsumagiyar a jikin dangar makaranta. Kafin shekara ta zagayo dangar nan ta yi kauri, ko akuya ba ta iya kutsawa.

Ta saman wannan dangar iyaye suke leƙowa in za su gona, wani a kan jaki, wani a kan babur. Me za su gani? Yara a jere, kowa a kan ƙafa ɗaya, hannuwa a sama, tsit kamar ruwa ya cinye su. Mu kuwa a nan, wa ya taɓa ganin yaro a ƙafa ɗaya in ba gwale-gwale ake ba shi ba? Sai murna ta kama gari. Aka ce ai Dije mace ce amma ta fi maza horo, tun da sassafe take kafe su kafin ma su yi laifin. Makaranta ta cika har ana zama a rana. Wanda ya fi kowa yabo shi ne maƙwabcinmu Alhaji Dogo, mai sayen hatsi, wanda bai tsaya yanko tsumagiya ba, dorina ya sayo a kasuwa ya kai tare da ɗansa Nura. Nura yana da in'ina, kuma ko tarin ubansa ya ji sai jikinsa ya ɗauki ɓari.

Na taɓa ce mata, "Yaya, kin san hwa mutanen nan horo suka ɗauka kina yi?" Ta ce, "Sule, ban yi ma kowa ƙarya ba. Wanda ya tambaye ni zan gaya mashi." Ba wanda ya tambaya. Tunda sun zaci yaran wuya suke sha, hankalin kowa a kwance yake.

Abin da ya tona asiri shi ne, wata safiya Alhaji Dogo ya zaga bayan rumbunsa ya iske Nura ya jera ƙannensa, duk suna tsaye a ƙafa ɗaya, suna ta dariya. Ya ce wa ya sa su. Yaron ya amsa masa tiryan-tiryan, ba in'ina, ya ce ba kowa, daɗi gare shi. Alhaji ya cika ya batse, ya nufo makaranta ko hula bai sa ba. Abin da ya fara cin karo da shi dorinarsa ce, da ita ake ɗaure ƙyauren shiga. Ina tsaye a wurin, kunnena ya ji.

"Malama, ashe wasa kike ma ɗiyanmu?"

"Alhaji, Nura na karatu ko ba ya yi?"

"Yana yi."

"Da ka kawo shi, yana iya haɗa magana biyu?"

"Ba wannan na tambaye ki ba. Ni na kawo shi a hore shi."

Daga nan aka yi mata caa. Sai a lokacin aka tuna cewa abin daga Indiya ya zo, aka ce tana koya wa 'ya'yan Musulmi bautar wasu. Limamin unguwarmu, Allah Ya jiƙansa, bai yanke hukunci daga zaure ba. Ya zo da kansa ya zauna a gindin tsamiyar nan ya kalli komai, ya ji da bisimilla ake farawa, ya ga ba a rusuna wa kowa, ba a kiran sunan kowa. Ya fita ya ce shi bai ga abin haramci ba. Ya hana? Ina! Cikin mako biyu aka kwashe yara kamar an yi shara. Don haka kada wanda ya zo yau ya ce mini kishin addini ne. Shekara guda suna kallon abin nan ta saman danga suna sa albarka. Ranar da suka gane yaran ba kuka suke yi ba, ranar ya zama kafirci. Wannan ita ce maganar da ta tsaya mini a wuya shekara da shekaru, yau na amayar da ita.

Yaya dai ba ta rufe makarantar ba. Ta ci gaba da waɗanda ba mai so: 'ya'yan ruga, da yaran da aka ce ƙwaƙwalwarsu a toshe take, da masu fitsarin kwance da aka gaji da duka. Wata rana su takwas, wata rana su uku. Ni ne mai zage-zage a madadinta, ita kuwa ko a jikinta, har in na yi yawa takan ce in je in yi tsayuwar zalɓe in huce. Haka ta yi ta yi har ciwo ya kwantar da ita. Bayan rasuwarta aka kwashe dangar aka yi makamashi, kangon kuma yanzu masu gyaran babur ne a ciki.

Ta tafi kafin masifar 'yan bindigar nan ta yi ƙamari, kuma wani lokaci nakan ce Allah Ya yi mata gata. Da tana nan me za ta ce in ta ga yaran da ke kwarara cikin Batsari daga ƙauyuka, waɗanda in babur ya yi tusa sai su kwanta a ƙasa? Ummi ɗaya ce daga cikinsu. 'Yar ɗana ce, a wani ƙauye kusa da Wagini suke noma. Ranar da 'yan bindiga suka shiga, da la'asar sakaliya, uwarta ta ja ta cikin dawa ta danne mata baki da tafin hannu, tana raɗa mata cewa in ta yi ƙara sun mutu. Sun tsira, uban ma ya tsira da harbi a cinya. Amma yarinyar nan har yau kamar hannun yana bakinta. Tana ci, tana sha, tana bin ka da ido, magana ce babu.

Na sa ta makaranta don ta shiga cikin yara. Mako bai cika ba ta dawo da tafin hannu a kumbure. Na je na sami malamin, wani saurayi da aji ya fi ƙarfinsa, ya ce taurin kai ne, ya kira sunanta sau da yawa ta yi masa banza. Na yi masa tas, ban rage komai ba. Amma da na fito na san ba shi kaɗai ba ne. Da duka aka koyar da shi, bai taɓa ganin wata hanya ba, kuma wadda za ta nuna masa mun san yadda aka yi da ita.

Abin da ya ƙara tunzura ni, kwanaki wasu baƙi suka zo da fararen motoci, suka tara yaran gudun hijira a fili, suka ce su rufe ido su ja numfashi su sake, su miƙa hannu sama. Yini ɗaya, aka ɗauki hotuna, aka tafi. Ban ce sun yi laifi ba, Allah Ya saka musu. Amma wa na gani a kujerar gaba, cikin manyan gari, yana tafi har da gyaɗa kai? Alhaji Dogo. Abin da 'yar unguwarsu ta yi shekaru tana yi kyauta a bayan gidansa ya kira shi bautar Indiyawa, da ya zo a mota kuma ya zama ci gaba. Wallahi da ƙyar na kai gida don haushi.

Washegari da hantsi na shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Ni ba malami ba ne, tsohon direba ne, gwiwoyina kuma sun daɗe da yin ritaya. Na ce da Ummi, "Amaryata, zo ki ga abin da kakarki Dije ta koya mani." Na ɗaga ƙafa ɗaya, na yi tangal-tangal, na dafe bango. Ta kalle ni kawai. Na yi ta yi kullum, ina faɗuwa, matata tana cewa tsufa ya zo mini da hauka. Ana nan wata safiya sai na ga yarinyar ta taso ta tsaya gefena, ta ɗaga ƙafarta. Na nuna mata yadda Yaya take cewa a ja iska ta hanci kamar ana shinshina tuwo, a sake ta a hankali kamar ana hura koko. Na ga kafaɗunta sun sauka, karo na farko tun zuwanta.

Shekaranjiya muna cikin haka, ita tana tsaye cak hannuwa sama, ni ina zaune ina hutar da gwiwa, sai ga kai ta saman katanga. Alhaji Dogo ne, ya tsufa, da alama har ya manta da abin da ya gani wurin Nura, amma tsawon yana nan.

"Yauwa Malam Sule, haka ake so! A hore su tun suna ƙanana. Mi ta yi?"

Na buɗe baki zan sauke masa abin da na tara na shekaru. Ban samu dama ba. Wata 'yar murya a dushe, kamar ƙyauren da ya daɗe a rufe, ta fito daga gefena.

"Ban yi laihi ba."

Ba ta ko sauke ƙafar ba. Matata ta saki kwanon da ke hannunta. Ni kuwa, da gemuna da komai, na zauna na yi kuka, Alhaji yana tambaya ko lafiya.

In aka ce a auna abin da Yaya Dije ta bari, ba shi da nauyi a idon gari. Ba gini, ba allo mai sunanta, ko dangar ba ta tsira ba. Akwai dai Nura, wanda na ji yana koyarwa a can wajen Babban Duhu kuma ba ya shiga aji da bulala. Akwai wasu mata a rugage da ke sa 'ya'yansu jan numfashi in sun firgita, ba su ma san daga inda abin ya faro ba. Akwai kuma kalmomi huɗun nan, waɗanda Ummi ta ƙara wasu kaɗan a kansu jiya, ta ce a ba ta ruwa, ta ce ƙafata ta karkace. Ranar Litinin zan mayar da ita makaranta, zan zauna a bakin ajin, in ga mai taɓa ta.

Ban huce ba, kuma ba na jin zan huce. Allah Ya haskaka kabarinki, Yaya. Mutanenki suna nan yadda kika bar su, har yanzu in suka ga yaro a ƙafa ɗaya laifinsa suke tambaya. Sai dai wannan karon yarinyar ce ta ba su amsa.