Suwaiba Nu'uman, Wadda Ta Wanke Malam Isyaku a Indabo

Kowace safiya, kafin ta kurɓi shayi, Suwaiba Nu'uman sai ta buɗe kwamfuta ta duba ko an fitar da sabon zubin tafintanta. Haka take kiran manhajar da ke juya rubutun umarni na zamani zuwa tsohon salo, don burauzar tsofaffin wayoyi, wato abin buɗe shafukan intanet, ta iya karantawa. Ba don tafintan nan ba, shafin ƙungiyar manoman rani, inda ake kama layin tarakta da injin ban-ruwa, ba zai buɗe a yawancin wayoyin Indabo da Dagumawa ba. Shekara da shekaru ita ke riƙe da shafin, daga wani ɗan ofis a bayan kasuwar Wudil. Ƙarshen watan nan za ta miƙa aikin ta koma Kano.

Idan aka yabe ta, sunkuyar da kai take yi. Akwai abin da har yau bai bar ta ba.

A farkon wani rani masu tafintan suka yi shela cewa ɓata-gari sun sami ƙofa a wani ɓangare na tsohon zubin, wanda shafi ke jawowa daga waje duk lokacin da aka buɗe shi, don haka kowa ya sabunta. Suwaiba ta karanta. Ta gwada sabon, ta ga tsofaffin wayoyi ba za su ɗauke shi ba sai an yi gyara mai yawa, ga shi ana tsaka da rububin tarakta. Ta ce a ranta, bari a gama shuka.

Kafin a gama, abin ya faru. Malam Isyaku, dattijon da ke jan salla a unguwarsu a Indabo, yana majalisa bayan la'asar ya danna shafin don ya ga ranar da layi zai zo kansa. Sai wayar ta wuce da shi shafin caca, ga hotunan da ba a kallo. Na gefensa suka gani. Ya kife wayar a cinya. Kafin magariba magana ta zaga gari. Washegari a sahun baya ya tsaya, wani ya ja sallar.

Da labari ya iso Wudil, Suwaiba ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta rufe shafin nan take. Shugaban ƙungiya, Alhaji Maikano, ya kira ta.

"A ce matsalar sabis ce kawai. Wa zai gane?"

"Ranka ya daɗe, gargaɗi ya zo, na gani, na ajiye. Malam bai taɓa komai ba."

Ta hau mota zuwa Indabo. A ƙofar gidan Malam, gaban dattawa, ta durƙusa ta gaishe su, ta tambayi iyali da gajiya, sannan ta ce:

"Baba, ba kai ka buɗe abin nan ba. Shafinmu ne ya kai ka, kuma sakacina ne. An ce in toshe, na jinkirta."

Sai Labaran, wani manomin tumatir, ya sosa ƙeya ya ce, "Wallahi ni ma shafin ya yi mini haka. Kunya ce ta hana ni faɗa." Wani ma ya ce haka. Waɗanda suka fi yaɗa maganar suka kasa ɗaga ido.

Malam Isyaku ya dube ta. Ya ce, "Tashi, 'yata. Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Ya koma gaban sahu, amma bai sake taɓa shafin ba. Maƙwabcinsa ke kama masa layi har yau, Suwaiba kuma ta sani. Ta aro tsofaffin wayoyi daga hannun manoma, ta yi ta gyara tana gwadawa, har sabon zubin ya buɗe a kowacce. Ta yanke duk abin da shafin ke jawowa daga waje. Tun daga lokacin gargaɗi bai sake kwana a hannunta ba.

Suwaiba, ke ce kika sami hanyar ɓuya a buɗe, kika ƙi bi. Ke ce kika ɗauki kunyarki a ka har Indabo, don dattijo ya sami ɗaga nasa kan. Mai gaskiya 'yar Nu'uman, mun gode. Allah ya saka miki da alheri, ya sa inda za ki ya fi inda kika bari.

Ku kuma da ke riƙe da shafukan jama'a, idan gargaɗi ya zo ku toshe tun da zafinsa. In kuwa an riga an yi ɓarna, kada ku bar wani ya ɗauki laifinku. Ku je har ƙofar gidansa ku faɗa da bakinku.